Abin da Ƙeya ta Sani

Ƙarfe biyun dare a unguwar Zariya,
kuran ya dawo, fanka ta yi atishawa ta tashi.
Na buɗe kwamfuta bisa tabarma
ina kiwon ƙwaƙwalwar da na gina da lissafi.

Ba babbar ba, mai tunani da gardama,
mai riƙon bashi da sunayen dangi.
Ƙaramar, wadda ke ɓoye a ƙeya
kamar kuɗin tsohuwa a bakin zane.
Ba ta magana. Ita ke auna taku,
ita ke raka loma har baki,
ita ke tsai da tulu bisa kan mai ɗebo ruwa
tun daga Gulbi har gida, ba ɗigo.

A allon, ƙwayoyi dubu ɗari, ƙanana kamar gero,
kowace da zarenta a miƙe, kamar na masaƙa.
Zaren na ratsa rassan wasu manya
masu faɗin kai kamar gawo.
Sai wata jijiya mai hawa irin na yaɗiya
ta nannaɗe kowane gawo ita kaɗai.
Aikinta guda:
in hannu ya kuskure, ta yi tsawa, ta yi shiru.
Daga tsawar ake koyo.

Na ɗaura mata hannun ƙarya, layi uku kawai,
na ce, taɓa mini wannan ɗigon.
Ya wuce. Ya dawo, ya gaza. Ya sake wucewa.
Sauro na biki a ƙafata,
sau ɗari huɗu da goma sha bakwai
kafin ya sauka a kai
kamar ƙuda a bakin ƙwaryar fura.

A ɗakin can, Baba Abarshi na tari.
Shekara arba'in yana dukanci a babbar kasuwa,
fatar jar akuya ta san yatsunsa,
basilla na shiga inda ido bai gama dubawa ba.
Bara hannun ya fara yi masa musu.
Ya nufi kofin shayi, ya damƙi iska.
Yana tafe kamar mai tsayuwa cikin kwalekwale a Madarunfa,
har yaran layi suka ce ya sha wani abu,
mutumin da ko taba bai taɓa ba.
Likita ya ɗaga hoton kai ga hasken taga,
ya nuna ƙeya da bakin biro: nan ne ta motse.

Daren nan na yi abin da nake tsoro.
Na shiga dajin nawa da gatari,
na sare gawo ɗaya cikin goma. Hannun bai kula ba.
Uku cikin goma, ya fara waiwaye.
Da na kai rabi,
sai ga hannun ubana a allo,
yana rawa a ƙofar abin da yake so.

Maɓalli ɗaya na danna, dajin ya dawo.
Na daɗe ina kallon yatsar da ta danna.
Tarin bai tsaya ba.

Bayan asuba ya dafo bango ya fito.
Barira, in ji shi, nuna mini yaron naki.
Na mai da koyon farko, muka zauna muna kallo.
Ya wuce. Ya gaza. Ya wuce.
Baba ya girgiza kai: gaggawa gare shi.
Ce masa ya rage gudu tun bai iso ba,
fata ba a kai mata hari, lallaɓa ta ake.

Na nemi inda zan sa wannan cikin lamba.

Ya kama kofi da hannu biyu,
rabi ya sha, rabi riga ta sha.
Sau nawa ya kuskure kafin ya iya?
Na faɗa masa.
Ya yi dariya har shayin ya ƙara zuba.
Ɗari huɗu kacal?
Ai bai ma fara ba.